Yadda ake jinginar da gidan gado idan mutum ɗaya ne zai ci bashin

A ƙauyukan Kano da Jigawa gidaje da yawa na gado ne da ba a raba ba: mahaifi ya rasu, 'ya'ya sun ci gaba da zama kowa a sashensa, takardar cinikin da dagaci ya sa wa hannu kuma tana ninke a cikin adakar tsohuwa. Magana takan taso ne ranar da babban wa ya nemi rancen sayen injin ban ruwa, banki ya ce ya kawo jingina. Bashin zai fita da sunansa shi kaɗai, amma idan biya ya gagara, gidan da aka jinginar ɗungurungum za a sayar, har da ɗakin uwar gida.

Saboda haka a fara da tantance magada a gaban alƙalin kotun shari'a, a rubuta kason kowa, har da matar mamaci mai tumuni da 'yan'uwa mata da ke aure a wasu garuruwa, waɗanda su ne aka fi mantawa da su. Idan akwai marayu ƙanana, kada waliyyinsu ya sa hannu a madadinsu sai da izinin kotu.

Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a raba gadon, mai neman rance ya ware kasonsa ko ya sayi na sauran da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, ko kuwa gidan ya zauna na kowa, dukkan magada su sa hannu a takardar jinginar a matsayin masu gida. A ganina ta farko ta fi kare zumunci, ko da yake ta fi cin lokaci. Wanda ya zaɓi ta biyu ya nemi lauyan da ba na banki ba, ya fassara masa takardar da Hausa, musamman sakin layin da ya bai wa banki ikon sayarwa.

Galibi banki ba ya karɓar takardar dagaci, satifiket na mallaka yake nema, wanda ake bi ta KANGIS, hukumar adana bayanan filaye, a Kano ko ma'aikatar filaye a Dutse, bayan safiyo ya auna filin ya zana taswira. A nan ake yawan tafka kuskure, domin sai a ce: "A sa sunan Yaya kawai don a huta da zirga-zirga." Da zarar satifiket ya fita da suna ɗaya, shi ne mai gida a takarda, sauran kuwa sai sun je kotu kafin su tabbatar da haƙƙinsu.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a jinginar da fili mai satifiket na jiha, ta ƙaramar hukuma kuma idan mallakar gargajiya ce, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da amincewar gwamna ba a shari'ar bankin Savannah da wani mai gida mai suna Ajilo. Bayan an samu amincewar sai a biya kuɗin hatimi, wato harajin gwamnati a kan takardar jinginar, a yi wa jinginar rajista, kowane magaji ya riƙe kwafi. Ranar da aka gama biyan bashin a karɓi takardar sakin jingina, ita ma a yi mata rajista, sannan a amso ainihin satifiket ɗin daga hannun banki.