Ɗan ƙwallo Kirista a Tawa: yadda za ka riƙe kanka a fili da wajen fili

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina horar da yara ƙwallo a wani fili da ke bayan unguwarmu a nan Tawa, fili mai tsakuwa wanda in ka faɗi sai ka bar masa fatar gwiwa. Da rana ni kafinta ne. Yawancin yarana Musulmi ne, kamar yadda garin yake. Kiristocin ba sa wuce huɗu ko biyar, kuma su ne ke tsare ni a ƙofar majami'a bayan sujadar Lahadi da tambayoyin da ba za su iya yi wa fasto ba. To, ƙannena, ga amsoshin a rubuce.

Fara da takardar haihuwarka, don a nan ne gwaji na farko yake zuwa, kuma ba ya zuwa da ƙaho. Wani babba ne da kake ganin girmansa zai ja ka gefe ya ce, "Kai yaro, ƙafarka na da kyau, amma shekarunka sun yi yawa. A rage uku." Zai ce kowa haka yake yi. Abin da za ka yi shi ne ka amsa tun a karon farko, da ladabi, ka ce, "Baba, ku yi haƙuri, da shekaruna na gaskiya zan buga." Kada ka ce za ka yi tunani. Wanda ya ce zai yi tunani, gobe da safe za a kawo masa takardar a shirye. Sannan ka gaya wa mahaifinka ko wani dattijon majami'a a ranar, don magana in ta fito fili ƙarfinta yakan ragu.

Ko ta wajen dabara ma abin ya daina biya. Tun 2009 hukumar FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don gane shekarun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, kuma ƙashi ba ya karanta takarda. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta wannan rukuni a 2015, yaranmu kuma sun je gasar duniya a Indiya a 2017, saboda haka ƙofar tana nan ga mai shekarun gaskiya. Amma ba tsoron na'ura nake so ya hana ka ba. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa ɗan wasa ba ya samun rawani sai ya bi ƙa'idar wasan (2 Timoti 2:5). Ka kuma tuna akwai wani yaro ɗan sha shida na gaske da za a bari a gida don kai ka shiga. Na taɓa yin shiru a kan irin wannan, shekara ta biyu da fara horarwa, don ina son kofi. Mun ci kofin. Yaron da na ajiye bai sake zuwa fili ba, kuma har yau in na haɗu da shi a kasuwa sai na rasa inda zan sa idona.

Sai maganar laya. Mu mutanen Adar mun tashi muna kallon kokowa, a garin nan aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, a 1975, kuma kowa ya san yadda ɗan kokowa ke shiga fage da guraye da layu. Wannan al'ada ta bi mu har filin ƙwallo: ruwan da za a yayyafa a raga, abin da za a cusa a safa, ƙofar da ba za a bi ba. In aka miƙo maka, kada ka yi wa'azi, kada ka yi dariya, kada ka zubar a gaban mutane. Ka ce, "Na gode, ni na riga na yi addu'ata." Shi ke nan. Sau biyu, sau uku, za su saba. Matsalar takan taso ne ranar da aka ci ku, wani ya ce kai ne ka karya maganin. Ranar ka yi shiru, washegari ka riga kowa zuwa atisaye. Bakin mutane ba ya daɗewa a kan wanda ya fi su gudu.

Addu'ar kuma, ka lura da abin da kake roƙo. Ni na hana yarana roƙon a ci abokan karawa, don a can ɓangaren ma akwai mai roƙo. Ka roƙi lafiyar ƙafafu ashirin da biyu sau biyu, ka roƙi ikon riƙe bakinka. Minti ɗaya ya isa, kana ɗaure igiyar takalmi.

Fushi ne ya fi cin yarana, ya fi rauni, ya fi talauci. Mai tsaron baya zai taka ka da gangan, ya haɗa da zagin uwa, wani lokaci ya haɗa da addininka. Alƙalin wasa kuma bai gani ba, ko ya yi kamar bai gani ba. Ga abin da nake koya musu, kuma muna gwada shi a atisaye kamar yadda muke gwada bugun kusurwa: in ka faɗi, kada ka tashi da sauri. Zauna, gyara safarka, ka ƙirga biyar. Ka tashi hannuwanka a baya. In akwai magana, kyaftin ne zai yi ta. Yakubu ya ce mutum ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana da jinkirin fushi (Yakubu 1:19), kuma daƙiƙa biyar ɗin nan su ne jinkirin. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka zagi wani ko ka rama, kada ka kwana da shi. Kafin a watse ka je ka ba shi hannu. Da wuya, na sani. Na ga ƙato ɗan sha takwas yana tafiya wajen wanda ya mara kamar ana jan sa zuwa mahauta.

Wasan ranar Lahadi ba shi da wuyar da ake ba shi. Sujada da safe ce, wasanninmu sai la'asar saboda zafi. In sun haɗu, ka gaya wa mai horarwa tun ranar Laraba, ba ranar wasa ba. Ɗan tseren nan na Birtaniya, Eric Liddell, ya ƙi gudun mita 100 a gasar Olamfik ta Faris a 1924 saboda zagayen farko ya faɗo Lahadi, ya koma mita 400 ya ci zinare. Abin da mutane ke mantawa shi ne tun da wuri ya faɗa, ya kuma shirya wa ɗayan tseren.

Da azumi kuma, abokanka na gudu ba ruwa a bakinsu. Kai ka sha naka, amma ka koma bayan bango.

Ranar da aka ajiye ka a benci, ko ƙafa ta gurɗe, a nan ake sanin wanda ya zo don ƙwallo da wanda ya zo don tafi. Kada ka ɓace. Ka zo ko da sanda, ka riƙe jarkar ruwa, ka tattara rigunan. Kada ka bari a yi maka allura ko a ba ka ƙwaya don ka buga a kan ciwo, musamman taramol da ke yawo a hannun samari. Tana rufe zafi, ciwon kuma yana ƙaruwa a ƙarƙashi. Ka je asibiti a duba. Makonnin jinya ka cika su da karatun boko da ka yi wa sakaci, ka kuma karanta 1 Korantiyawa 9 daga aya 24, inda Bulus ke maganar masu tsere da yadda suke hore jikinsu.

Wata rana wani zai zo da waya cike da hotunan filayen Turai, ya ce a kawo jika ɗari biyar na biza. Dokar FIFA ta hana a kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kuma ƙungiyar da ke son ka da gaske ita ke biyan jirgi. Ka kawo mutumin shagona. Zan ba shi kujera da shayi, in tambaye shi sunan ƙungiyar da lambar ofishinta, in kira a gabansa. Biyu sun taɓa zuwa. Na farkon ya ce zai ɗauko takardu a mota, shayinsa ya huce a kan bencin aikina.