Babi Na Bakwai: Fitilar Titi, Sodiyam Ko LED?

Darasi na 1: Gane su da ido

'Yan uwa, da magariba ta yi, ku ɗaga kai ku dubi turken fitila mafi kusa da ku, ko a Terminus kuke ko a Farin Gada a nan Jos. Launin hasken kawai za ku duba. Idan ruwan goro ne, sodiyam ce. Idan fari ne tas, galibi LED ce, ana faɗin sunan haka: el-i-di.

Ga wata alama. Sodiyam tana fara kamawa dishi-dishi, sai bayan 'yan mintoci haskenta ya cika. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, sai ta ɗan huce kafin ta sake kamawa. LED kuwa ana kawo wuta take kamawa.

Darasi na 2: Karanta jikin kwali

A nan ake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ku ɗauki kwalin ƙwan fitila. Ku nemi lamba mai harafin W a gefenta, W ɗin nan da ke farkon kalmar wuta. Ana kiransa wat. Ku ɗora yatsa a kai. Wat yana nuna yawan wutar da fitila ke ci. Ba ya nuna haske.

Ku maimaita da baki: wat ci ne, ba haske ba.

Yanzu ku nemi lamba mai ƙananan haruffa biyu, lm. Sunansa lumen, shi ne ma'aunin haske. Kamar saniya ce: wat shi ne harawar da ta ci, lumen shi ne madarar da ta bayar. Ba a yabon saniya don yawan ci.

Baba, Iya, in kun rikice ba laifi, kowa haka ya fara. Ku koma kan W. Me yake nufi? Ci. To lm fa? Haske. Madalla.

Sodiyam ta titi kan zo da 150W, 250W ko 400W. Tana watsa haskenta ko'ina, wani ya tafi a banza cikin gidan fitilar. LED tana zuba nata ƙasa, kan titi, shi ya sa mai 100W zuwa 120W kan iya maye gurbin sodiyam mai 250W.

Amma har yanzu in na ɗaga kwalaye biyu na ce wacce ta fi haske, sai wasu su nuna mai babban W ba tare da sun duba lm ba. Haba jama'a! Kuɗin da unguwa ta tara da ƙyar ne za ku kai kasuwa. Wanda bai riƙe wannan ba, kada kwamiti ya aike shi sayayya. Wat ci ne. Ku rubuta shi a littafinku har layi ya cika.

Darasi na 3: Lissafin mita

Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya, irin wanda kuke saya daga JED, kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos. Fitilar titi tana aiki kamar awa 12 a dare.

Sodiyam: 250 sau 12, 3,000, wato yunit 3 a dare, yunit 90 a kwana 30.
LED: 100 sau 12, 1,200, wato yunit 36 a kwana 30.

Ƙarancin cin nan ya sa fitilun sola na titi LED ne. Kuma da wane harafi muka yi lissafin? Da W, domin ci muke aunawa.

Darasi na 4: Daɗewa

Ƙwan sodiyam kan yi kimanin awa 24,000. LED mai kyau kan kai 50,000, sai dai ta fi tsada wajen saye, kuma akwai jabu. In kun ga sodiyam tana mutuwa tana sake kamawa da kanta, to ta tsufa. Kada yara su fasa ta, akwai guba a ciki.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku zo da kwali ɗaya mako mai zuwa, ku nuna W da lm.