Yadda na gyara famfon baƙin mai da ya rage ƙarfi

Matsalar ita ce fitilar mai, wadda ke nuna ƙarfin mai ya yi ƙasa, tana kamawa idan inji ya yi zafi yana silo. Na fara auna ƙarfin mai da geji, domin sau da yawa suwic ɗin da ke kunna fitilar ne ke lalacewa, ba famfon ba. Gejin ya nuna ƙarfin ya faɗi ƙwarai.

Na cire wayar batir, na tsiyaye mai, na sauke kwanon ƙarƙashin inji, sannan na kwance famfon da rariyar da ke tace mai kafin ya shiga cikinsa. Rariyar ta toshe da guntayen silikon na hana yoyo, wani ya labta shi fiye da kima a gyaran baya. Na wanke komai da kananzir. Ratar da ke tsakanin haƙoran famfon ba ta kai milimita 0.20 ba, iyakar littafin injin ke nan, don haka bai ci ba. Amma bawul ɗin rage matsi, mai sakin mai idan ƙarfinsa ya yi yawa, ya maƙale a buɗe, sai na goge shi, na canza sifirin.

Kada a mayar da famfo a bushe, ba zai ja mai ba. Na cika shi da mai, na sa sabon gasket da sabuwar filta, na ɗaure notuna a hankali, ɗaya nan ɗaya can. Na cire fulogi don kada inji ya tashi, na yi ta juya shi har fitilar ta mutu, sannan na mayar da fulogi na tayar.