Shawarwari Ga Sababbin Ɗaliban Nazarin Laifuka A Jami'o'in Ƙasashen Waje

Duk wanda ya samu gurbin digiri na farko a fannin nazarin laifuka da tsarin shari'arsu a wata jami'a ta ƙasar waje, ya kamata ya san tun da wuri cewa karatun ba zai zo masa yadda sunansa ke nunawa ba. Da yawa daga cikinku, 'yan'uwa sababbin zuwa, kun sauka da tunanin za a koya muku ɗaukar hoton yatsu, bin sawun ɓarawo da titsiye wanda ake zargi har ya amsa laifinsa. Wannan aikin 'yan sanda ne, a makarantar horonsu ake koyonsa, gwajin jini da gashi da harsashi kuwa wani fanni ne na kimiyya mai zaman kansa. Abin da za ku tarar reshe ne na ilimin zamantakewa, wanda ya ɗebo daga nazarin halayyar ɗan'adam da shari'a da tarihi da ƙididdiga, kuma tambayoyin da yake ta juyawa su ne: mene ne laifi, wa ke da ikon cewa abu kaza laifi ne, me ke kai mutum ga aikata shi, kuma hukuncin da ake yankewa rage shi yake yi ko ƙara shi?

Shekarar farko ta ra'ayoyin masana ce, kuma a nan ne gajiya ke fara kama mutane. Za ku haɗu da Cesare Beccaria, ɗan Italiya, wanda ya rubuta a 1764 cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana mutane laifi, ya kuma yi adawa da azabtar da waɗanda ake tuhuma. Za ku karanta Cesare Lombroso, likitan da ya yi iƙirari a 1876 cewa akwai mutanen da aka haifa masu laifi, ana iya gane su daga surar ƙoƙon kai da muƙamuƙi. An rushe wannan ra'ayi tuntuni, amma ana koyar da shi domin ɗalibi ya ga yadda son zuciya kan sa rigar kimiyya. Wanda na fi so ku ba lokaci shi ne aikin Clifford Shaw da Henry McKay a birnin Shikago, wanda suka fitar a 1942. Sun ɗora adireshin yaran da aka gurfanar a kotu a kan taswirar birnin, sai suka ga cewa wasu unguwanni na kusa da tsakiyar gari suna ci gaba da fitar da masu laifi da yawa shekara da shekaru, alhali mazaunansu sun sauya, wata ƙabilar baƙi ta tashi wata ta maye gurbinta. Matsalar ke nan tana tare da yanayin unguwar, wato talauci da yawan ƙaura da rashin ƙungiyoyin da ke riƙe yara, ba ta cikin jinin wata ƙabila. Baƙon da ya zo ƙasar da ake yawan jingina laifi ga baƙi yana da buƙatar sanin wannan bincike sosai. Haka nan Edwin Sutherland, wanda a 1939 ya jawo hankali ga laifukan manya masu kwat da ofis, waɗanda ɓarnarsu ta fi ta ɓarawon titi amma ba kasafai ake kai su gidan yari ba. Kada ku haddace waɗannan sunaye kamar jerin sarakuna. Kowane ra'ayi ku tambaye shi abu biyu, wato irin laifin da yake iya bayyanawa da irin wanda ya gagare shi, domin a kan wannan ake ba da maki.

Darasin hanyoyin bincike da ƙididdiga shi ne wanda ɗalibai suka fi gudu, ni kuwa a ganina shi ne ƙashin bayan digirin. Alƙaluman 'yan sanda suna ƙirga laifin da aka kai rahotonsa aka kuma rubuta ne kawai, saura yana cikin duhu. Saboda haka ne Amurka ta fara binciken tambayar magidanta abin da ya same su a farkon shekarun 1970, Ingila da Wels kuma suka fara nasu a 1982. Binciken na Ingila ya nuna cewa laifuka sun kai ƙololuwa a 1995 sannan suka yi ta raguwa, amma bayan an sauya ƙa'idar rubuta laifi a 1998 da kuma 2002, sai alƙaluman 'yan sanda na cin zarafi suka haura. Wanda bai san an sauya ƙa'ida ba zai rantse cewa gari ya lalace. Idan aka ajiye muku jadawali a aji, kafin ku ce uffan ku nemi sanin wanda ya tattara shi, shekarar da aka tattara shi, da abin da aka ƙirga a ciki. Ku kuma koyi manhajar ƙididdiga ta SPSS ko R tun ana koyarwa a hankali, domin a shekarar ƙarshe babu mai jiran kowa.

Wannan karatu a ɗaure yake da ƙasar da ake yin sa, kuma malamai kan ɗauka cewa kowa a ajin ya tashi da sanin tsarinta. Ku ba ku tashi da shi ba, don haka sai kun cike giɓin da kanku. Ingila da Wels suna da rundunonin 'yan sanda na yanki 43, Sikotland kuwa dokarta da kotunanta daban suke, ko da yake duk ƙasa ɗaya ce, wato Birtaniya. A Ingila yaro ɗan shekara 10 yana iya fuskantar tuhuma, a Sikotland sai ya kai 12, a Jamus 14. A Amurka kowace jiha cikin 50 tana da kundin laifukanta ban da na tarayya, hukumomin 'yan sanda sun kai kimanin 18,000, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi ba a yi musu cikakkiyar shari'a ba, sun amsa laifi ne, galibi bisa yarjejeniya da masu gabatar da ƙara. A Faransa alƙali ne ke jagorantar binciken manyan laifuka, saɓanin tsarin Ingila da Amurka inda lauyoyin ɓangarori biyu ke fafatawa alƙali yana raba gardama. Ku samu littafin gabatarwa guda ɗaya a kan tsarin ƙasar da kuke, ku gama shi a watan farko.

Bayan littafin, ku je kotu, domin gani ya kori ji. A yawancin waɗannan ƙasashe zaman kotun manya a buɗe yake ga kowa, ba a biyan komai. Ku ɗauki ƙaramar kotun majistare a Ingila, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙararrakin laifi ke ƙarewa. Za a binciki jakarku a ƙofa, za ku ga jerin ƙararrakin ranar a manne a bango, sai ku gaya wa ma'aikacin kotu cewa ku ɗalibai ne, ya nuna muku kujerun baya. Ku kashe waya, kada ku kuskura ku ɗauki hoto, domin dokar 1925 ta haramta hakan, kuma ku miƙe tsaye idan alƙalai sun shigo. Sau da yawa za ku ga mutum uku a kan benci, waɗanda ba lauyoyi ba ne, 'yan sa-kai ne da ba a biyansu albashi, wani masanin doka yana zaune a gabansu yana ba su shawara. A shigo da mutumin da ya ɗauki kaya a kanti, lauyansa ya ambaci shaye-shaye da rashin muhalli, cikin mintuna kaɗan a yanke tara a kira na gaba. Safiya ɗaya a wurin za ta sa abin da kuka karanta game da talauci da laifi ya zauna muku daram.

Game da rubutu, makala ce ma'aunin komai. Malami ba ya neman ku maimaita masa lakcarsa, kuma ba ya neman wa'azi a kan muguntar masu laifi. Yana son ku ɗauki matsayi, ku kawo hujja daga binciken da aka wallafa, ku faɗi abin da masu saɓa muku suka ce, sannan ku nuna dalilin da ya sa kuka tsaya inda kuka tsaya. A jami'o'in Birtaniya maki 70 shi ne matakin daraja ta ɗaya, 40 kuma shi ne na tsallakewa, don haka wanda ya samu 62 a makalarsa ta farko kada hankalinsa ya tashi, ya yi ƙoƙari. Abin da ba a yafewa shi ne satar rubutu. Duk jimlar da kuka ɗauko da duk ra'ayin da ba naku ba sai kun ambaci mai shi, ana kuma tace makala da manhaja irin Turnitin. Ɗalibin da ke fatan aiki a fagen shari'a, tabon rashin gaskiya a takardunsa ya fi cutar da shi fiye da ɗalibin kowane fanni.

Akwai ranakun da ajin zai yi nauyi. Za a yi magana a kan fyaɗe da cin zarafin yara dalla-dalla, kuma wanda abin ya taɓa wani tsohon rauni a zuciyarsa ya nemi ofishin ba da shawara na jami'a, ba abin kunya ba ne. Za a tattauna tsayar da baƙaƙen fata ana bincikensu a titi, da kisan matashi baƙar fata Stephen Lawrence a Landan a 1993, da rahoton Macpherson na 1999 a kan binciken kisan, wanda ya ce wariyar launin fata ta yi kaka-gida a tsarin rundunar 'yan sandan birnin. Za a zo kan ta'addanci da sa ido a kan Musulmi, wataƙila idanu su juyo kanku. Ba dole ba ne ku zama kakakin wata al'umma, kuna da damar yin shiru, amma idan za ku yi magana, ku yi ta da hujja cikin natsuwa. Haka batun hukuncin kisa, wanda Ingila da Wels da Sikotland suka daina yankewa kan laifin kisan kai tun 1965 yayin da wasu jihohin Amurka ke riƙe da shi. Kuna iya kare ra'ayin da ya saɓa wa na malami, muddin kun san binciken da aka yi a kan ko hukuncin yana hana kisa.

Sai batun aiki, wanda nake roƙonku ku bincika tun a shekarar farko. Wannan digiri ba ya mai da mutum lauya: a Amurka sai an ƙara shekara 3 a makarantar lauyoyi, a Ingila kuma akwai jarrabawa da horo na daban. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ba ta ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma aikin ɗan sanda ko na gidan yari a ƙasashe da yawa yana buƙatar izinin zama na dindindin da shekarun zama a ƙasar kafin a tantance mutum. Ƙofofin da suka fi buɗuwa ga baƙo su ne ƙungiyoyin taimakon waɗanda aka zalunta, aiki da matasa, bincike, sashen hana zamba a bankuna, da digiri na biyu. Aikin sa-kai a irin waɗannan wurare yana da amfani ƙwarai, sai dai za a binciki tarihinku, kuma ana iya neman takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sandan ƙasar da kuka fito, wadda karɓarta daga nesa kan ɗauki lokaci. Masu bizar karatun digiri a Birtaniya awa 20 kawai aka yarda su yi aiki a mako lokacin zangon karatu, kuma wani aikin da ba a biya yana iya shiga lissafin, saboda haka ku tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ku sa hannu a kowace takarda.

Kundin binciken shekarar ƙarshe ma yana son shiri da wuri. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ba kasafai yake barin ɗalibin digiri na farko ya yi hira da fursunoni ko yara ko waɗanda aka ci zarafinsu ba, don haka ku zaɓi batun da za a iya yi da alƙaluman da hukuma ta wallafa, ko hukunce-hukuncen kotu, ko rahotannin jaridu, ku kuma kai wa malamin da kuke so ya duba aikin shawararku kafin hutun ƙarshen shekarar da ta gabaci ta ƙarshe.