Yadda ake sanyaya ɗaki da ruwan sanyi ta cikin silin a Yamai

A Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, kilim (na'urar sanyaya ɗaki) kuma ga shan wuta. Akwai wata hanya: a shimfiɗa tiyo a bayan silin, ruwan sanyi ya riƙa zagayawa ciki. Jikin mutum da bango da daɓe suna fitar da zafi, silin mai sanyi ya tsotse, ruwan ya kwashe zuwa injin sanyaya ruwa da ke waje. Ba ƙara, ba iska mai bugun fuska.

Fara da rufin. Idan kwano ne, sa abin tare zafi mai kauri tsakaninsa da tiyo, in ba haka ba kwanon za ka yi ta sanyayawa. Tagogin yamma a yi musu rumfa.

Daga nan sai tiyo, na tagulla ko na roba, a manne shi sosai da faranti na alminiyam don sanyin ya bazu. Kafin a rufe, a cika shi da ruwa a matsa, a bar shi ya kwana a ga ko yana yoyo. Yi lissafi tun da wuri: murabba'in mita ɗaya yana kwashe wat 70 zuwa 100 ne kawai, wato murabba'in mita 14 ya ba ka kusan kilowat 1.

Inda aikin yake shi ne zafin ruwan. A bar shi digiri 16 zuwa 18, kada a yi ƙasa. Ka san yadda kwalbar da aka fiddo daga firiji take gumi? Haka silin zai yi idan ya yi sanyi da yawa alhali akwai laima a ɗakin, ya hau ɗiga. Da hunturu da farkon bazara iskarmu busasshiya ce, wannan tsari ya dace da mu ƙwarai. Damina ce matsalar. A Agusta raɓa kan iya kama abin da sanyinsa bai wuce digiri 20 ba. Don haka a sa na'urar auna laima wadda za ta ɗaga zafin ruwan ko ta rufe famfo da kanta. A ganina wanda ba zai sayi wannan na'ura ba, gara ya haƙura da aikin gaba ɗaya.

Silin ba ya shigo da sabuwar iska, ba ya kuma cire laima. A tanadi ƙaramar na'urar busar da iska don damina, a rufe tagogi lokacin da yake aiki. Fanka a hankali tana ƙara masa ƙarfi.