Yadda za ka tono tarihin koyar da ɗaukar hoto a Yabatech

Wani ƙanena da ke karatu a Yaba ya same ni a Agege ran Lahadi yana ta ƙorafi, wai an ba shi furojet kan tarihin koyar da ɗaukar hoto a makarantarsu, ya kwana yana latsa waya bai samu abin kirki ba. Na ce masa ƙane ai wannan aikin ƙafa ne, sai ka taka. Ga abin da na faɗa masa ko wani ma zai amfana.

Da farko ka riƙe shekarun nan kar ka cakuɗa su. An kafa makarantar a 1947 da sunan Yaba Technical Institute, a 1963 ta koma Yaba College of Technology, wato Yabatech. In kana duba tsofaffin takardu ka nemi sunayen biyu duka, in ba haka ba rabin labarin zai wuce ka.

Daga nan ka nufi sashen zane-zane da ɗab'i, don a nan harkar hoto take, kuma kar ka tsaya wajen lakcarori kawai, ka nemi tsofaffin ma'aikatan sitidiyo, su ne suka san ɗakin duhu da ake wanke fim, da lokacin da aka ajiye sinadaran wanki aka koma kwamfuta. Ka gaishe su da kyau, ka zauna, kar ka nuna sauri kake. Ka tambayi tsofaffin furojet na ɗaliban ND da HND a laburare. Za ka yi ta cin karo da sunan Yusuf Grillo, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen, a Zariya ya yi karatu kuma yana cikin ƙungiyar ɗalibai masu zane da aka kafa a can a 1958, ya rasu a 2021. Shi mai zane ne amma sashen a hannunsa ya girma. Manhajar karatu kuwa hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ce mai amincewa da ita, a Kaduna take, in kana da ɗan uwa can ka tura shi.

In ka fito ka leƙa CCA, cibiyar zane-zanen zamani, a Sabo nan cikin Yaba, wadda marigayiya Bisi Silva ta buɗe a 2007, laburarensu cike yake da littattafan hoto.

To amma ga inda na fi damuwa. Da yawan manyan masu hoton Legas ba a aji suka koya ba, a hannun ubangida suka koya. J.D. Okhai Ojeikere ma, mai hotunan kitson mata, a 1954 mataimaki ne a ɗakin wanke hoto na ma'aikatar yaɗa labarai a Ibadan, sai 1975 ya buɗe sitidiyon kansa a Legas. George Da Costa kuwa tun 1895 ya buɗe sitidiyo a garin nan, Yabatech ma ba a yi ta ba. In ka bar wannan a waje wallahi furojet ɗinka gurgu ne.

Kuma namu fa? Masu hoton da suka ɗauki iyayenmu ranar Sallah da biki a Agege da Idi-Araba da Obalende, wa ya rubuta wajen wa suka koya? Ka je ka same su tun suna da rai, ka tambaye su shekara nawa suka yi a hannun maigida, wace kyamara suka fara riƙewa, ina suke kai fim wanki. A gida ka roƙi Hajiya ta fito da albam, ka juya bayan kowane hoto, sau da yawa akwai hatimin sitidiyo da adireshi, ka rubuta shi. Kar ka tafi da hoton mutane, ka ɗauka da waya a gabansu ka mayar, hoton mata kuwa dan Allah sai ka nemi izinin masu shi kafin ya shiga furojet.