Ƙaramin allo cikin babban akwati

Jama'a barkanku da warhaka.

In za ku haɗa kwamfutar tebur, ku sayi allon da ake ɗora kayan cikin kwamfuta a kai (motherboard) ƙarami nau'in micro-ATX, ku ɗaura shi cikin babban akwatin da aka yi don babban allo nau'in ATX. Ramukan kusoshinsu sun dace.

Girman allo ba shi ke kawo sauri ba, aikin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) ne. ATX na da santimita 30,5 a 24,4, micro-ATX kuwa 24,4 kowane gefe, galibi kuma ya fi araha. Rarar kuɗin ku ƙara RAM.

Babban akwatin saboda zafin Damagaram ne. Watan Afrilu iska na buƙatar wurin zagayawa, ga wurin ƙara fanka. In ƙurar hunturu ta toshe fankar furosesa, hannu na shiga da buroshi ba wahala.

Allon Mini-ITX, mai santimita 17 kowane gefe, kyau gare shi, amma ramin RAM 2 ne kawai, na kati (kamar katin bidiyo) 1, ga tsada. Ni dai ban ga ribarsa ba, sai ga mai ƙaramin shago.

Dabarar ba ta yi in kuna son katuna da yawa, kamar masu haɗa bidiyon biki. Nan sai ATX.

Kafin ku biya, ku ƙirga ramukan RAM, wasu masu arahar 2 ne. Ku tambayi nau'in RAM ɗin da allon ke karɓa, DDR4 ne ko DDR5, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.